Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'in Arewa: darasin falsafa ya zama ɗan bora

Zuwa ga shugabannin jami'o'in Arewacin Najeriya, da majalisun malamansu, da daraktocin sashen darussan bai-ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranku ya daɗe, akwai darasi guda da kusan kowane ɗalibinku yake ratsawa kafin ya karɓi takardar digiri, ko likita zai zama, ko injiniya, ko lauya, ko malamin Larabci. A tsohon tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, lambarsa GST 112. A sabon tsarin CCMAS da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya koma GST 212, ana yin sa a aji biyu. Falsafa da manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja da gane ingantacciya daga gurguwa, da rayuwar ɗan Adam ake koyarwa a cikinsa. Ga mafi yawan 'ya'yanmu, wannan semista ɗaya ita ce farkon haɗuwarsu da falsafa, ita ce kuma ta ƙarshe. Na daɗe ina koyar da shi kafin in ajiye aiki, kuma a kansa nake so in yi muku magana, tun da yanzu ba ni da kujerar da zan ji tsoron rasawa.

Kun san yadda ake yin sa, ko da yake rabon wasunku da leƙa babban ɗakin lakca ranar GST an kwana biyu. Ɗaki ya cika maƙil, wasu a kan matakala, wasu a tsaye a bakin taga, lasifika tana ƙara tana ɗaukewa. Malamin, wanda sau da yawa aro shi aka yi daga wani sashe don a cike gurbi, yana karantowa: Talis ya ce asalin komai ruwa ne, Anaksimanis ya ce iska ce, Hiraklitus ya ce wuta ce. Na gaba suna rubutu, na baya suna latsa waya, don sun san komai yana cikin handawut. Ƙarshen semista a jera su gaban kwamfuta a yi musu canki-canka. Wa ya ce asalin komai ruwa ne? Yaro ya danna, ya ci, ya fita, ya manta. Ba wanda ya tambaye shi me zai sa mutum mai hankali ya faɗi haka, balle a tambaye shi nasa ganin. Daidai yake da ka kai yaro koyon ɗinki, maigidansa ya sa shi ya haddace sunayen manyan telolin garin da shekarun da suka rasu, a yaye shi bai taɓa taka keke ba.

Ɗalibai suna fitowa kashi biyu. Mafi yawansu suna ganin surutu ne mara kan gado da ake ci don kada ya ja wa mutum faɗuwa. Kaɗan kuma, waɗanda suka fi ɗaukar abin da gaske, suna fitowa da yaƙinin cewa kafirci ne aka lulluɓe da Turanci. Ban ga laifin kowannensu ba. Abin da aka ba su ke nan.

Ni a nawa ganin, amfanin falsafa ɗaya ne, sauran duk rassa ne. Horo ce da take koya wa mutum ya tsaya a kan abin da aka gaya masa, da abin da ransa yake raya masa, ya tambaya mece ce hujja, sannan ya iya zama da amsar ko da ba ta yi masa daɗi ba. Tambayoyin da take fama da su kuwa ba daga Girka aka yi safararsu ba. Zaman duniya ne yake jefa wa kowa su, mai digiri da mai turin baro.

Wata shekara bayan na gama lakca a kan ɗabi'a, wani ɗalibi ya biyo ni har bakin mota. Ɗan wani ƙauye ne a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Sun ɗauke ƙanin mahaifinsa, sun yanka kuɗi da babur da katin waya, dangi sun sayar da gona da shanun huɗa suna harhaɗawa. Abin da ya hana shi barci shi ne ya san harsashi za a saya da kuɗin nan, babur ɗin kuma shi za a hau a je a ɗauko wani. Ya ce, "Malam, in muka biya, muna da hannu a jinin na gaba? In kuma muka ƙi, wa ya kashe Baffa, su ko mu?" Yana magana yana murɗa handawut ɗin da ke hannunsa har ta koma kamar igiya.

Ranku ya daɗe, duk falsafar ɗabi'a tana cikin tambayar yaron nan. Haƙƙin jininka da haƙƙin baƙon da ba ka taɓa gani ba, wanne ne gaba? Wanda ya aikata da wanda ya ƙyale aka aikata, nauyinsu ɗaya ne? Da niyya ake auna aiki, ko da abin da ya haifar? Wanda aka ritsa a lungu, zaɓi nawa ya rage masa? Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan fansar kamamme da hukuncin wanda aka tilasta, masana falsafa ma sun yi ƙarnoni suna jayayya a kai. A 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga duk wanda ya biya kuɗin fansa, kuma a ƙarƙashin wannan ƙuduri akwai wata falsafa kwance, ko sanatocin sun lura da ita ko ba su lura ba: cewa maslahar jama'a ta rinjayi ran mutum ɗaya. Ban ba yaron fatawa ba, wannan ba huruminmu ba ne. Zama muka yi muka warware tambayar zare-zare, har ya ga wane ɓangare na nauyin ne a wuyan ɗan bindiga, wane ne a wuyan hukumar da ta bar ƙauyen ba tsaro, wane ɗan kaɗan ne ya rage a nasa. Daga baya sun biya. Babu ko ɗaya daga cikin abin da muka tattauna da ya fito a jarrabawa.

Ku ɗauki haƙuri. Mun tashi muna jin haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci. A 1974 Baturen nan Kirk-Greene ya buga nazarinsa a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da adalci. Lissafin ya yi kyau, amma zaman duniya ba a jere yake kawo su ba, karo yake haɗa su. Matar da miji yake duka ana ce mata ta yi haƙuri, ma'aikacin da aka riƙe wa albashi wata da watanni ana ce masa ya yi haƙuri: a wane gaci haƙuri yake tashi daga hali nagari ya koma taimakon azzalumi? Kunya ta hana yaro ya ce wa babba ya yi kuskure, gaskiya kuma ta ce ya faɗa. Ma'aikaciyar jinya ta san ciwon mara lafiya ba na tashi ba ne, 'yan'uwansa sun roƙe ta kada ta gaya masa, shi kuma ya kama hannunta yana tambaya. Hatta karin maganarmu ba bakinsu ɗaya ba. Wanda ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, shi ne kuma ya ce gani ya kori ji. To yaushe ake bin babba, yaushe ake bin ido? Wannan ita ce tambayar da ake buɗe babin ilimin sani da ita a ko'ina cikin duniya, ga ta a bakin kakanninmu, amma muna tsallake ta mu je mu haddace wa yara sunan Dekart, masanin falsafar nan na Faransa.

Ko ƙaddara. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A zaman makoki kowa ya ce haka Allah ya ƙaddara, kuma gaskiya ne, mun yi imani da haka. Amma wannan kalmar, da take sanyaya zuciyar uwa, ita ce kuma mai lodin jirgin ruwa fiye da ƙima yake fakewa da ita, da ɗan kwangilar da ya rage rodi a gini. Yadda ƙaddara take zama tare da alhakin bawa mas'ala ce da malaman tauhidi suka ƙure ƙwaƙwalwa a kanta tun ƙarnonin farko. Injiniyan da za ku yaye ya kamata a ce ya taɓa zama ya yi tunaninta sau ɗaya kafin ya sa hannu a takardar gada.

Na san abin da yake sa wasu daga cikinku ɗari-ɗari, kuma ba zan kewaye shi ba. Ana cewa falsafa ƙofar ɓata ce, kuma manyan malamai sun haramta ta. Akwai gaskiya a ciki. Ibn Salah da Imam Nawawi sun haramta manɗiƙi. Amma a ina da yawa daga cikin almajiran zaure suka fara jin wannan labari? A bakin Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya, mai littafin Ahalari ɗin nan da kowane yaro yake fara koyon tsarki da salla da shi a ƙasar Hausa. Shi ɗin dai ya tsara waƙar Sullam a kan manɗiƙi a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo maganganu uku: masu haramtawa, da masu cewa ya kamata a koya, da maganar da ya ce ita ce ingantacciya, wato halal ne ga mai lafiyayyen hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Na sha ganin ɗalibi ya buɗe baki don mamaki in na gaya masa mai Ahalari ya rubuta littafin manɗiƙi. Mun ɗauki rabin malamin mun bar rabi.

Kafin shi ma an yi wannan muhawara, kuma mutanen da suka yi ta ba baƙinmu ba ne. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin abin da ya wajaba a kan sarakuna, ya tsara waƙa a kan manɗiƙi wadda har Ahmad Baba na Tambutu ya karanta a gaban malaminsa. Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, yana ganin manɗiƙi haramun ne, ya kuma wallafa littafi a kan haka. Magili ya aika masa da baitoci yana ƙalubalantarsa, ma'anarsu ita ce a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito, kuma da gaskiya ake sanin mazaje, ba da mazaje ake sanin gaskiya ba. Suyuɗi ya mayar masa da amsa a waƙe. Ba wanda ya kafirta wani, ba wanda ya tara yara su je su yi jifa. Da za a raba wa ɗaliban aji biyu waɗannan waƙoƙi guda biyu a ce kowa ya zaɓi ɓangare ya kare shi da hujja, da an yi falsafar da ta fi ta semista guda ta handawut.

Sai Imam Gazali, wanda ake yawan jingina masa cewa shi ya rushe falsafa. Ya yi wa masu falsafa raddi a mas'aloli 20, ya kafirta su a 3: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun al'amura ba, da musun tashin jikkuna. Wannan haka yake. Amma kafin ya yi raddin sai da ya zauna ya karanci falsafar har ya iya bayyana ta fiye da masu ita. Kuma shi ne ya sa manɗiƙi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙihi, ya ce wanda bai san shi ba, ba a amincewa da iliminsa. Abin da ya fi kama min rai a tarihinsa shi ne yadda ya ba da labarin shakkar da ta kama shi. Ya dubi inuwa, ido ya ce a tsaye take, bayan ɗan lokaci sai ga ta ta gusa. Ya dubi tauraro, ido ya ce bai fi dinare ba, lissafi ya ce ya fi duniya girma. Ya ce to in ido yana ruɗi kuma hankali ne ya kama shi, wa ya tabbatar min babu wani alƙali a saman hankali da zai kama shi shi ma? Kusan wata biyu ya yi a wannan hali. Daga baya, a 1095, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, saboda ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ne ya fi yawa a ciki. Ya bar kujera ya fita. Wace lakca ce a kan rayuwar ɗan Adam za ta fi wannan ratsa ɗan shekara ashirin? Mu malaman jami'a ma da za mu riƙa karanta ta kafin zaman ƙarin girma, da ba ta yi mana illa ba.

Wanda ya mayar wa Gazali martani kuwa, Ibn Rushd na Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, alƙalin Malikiyya ne, kuma Bidayatul Mujtahid ɗinsa na nan a kan kantar malamanmu na fiƙihu.

A gida ma ba mu rasa ba. Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, wadda aka daɗe ana karanta tauhidi da ita a zaurukanmu har aka mayar da ita Fulatanci, da hukuncin hankali ta fara: wajibi, da korarre, da mai yiwuwa. Muhammadu al-Katsinawi ya yi rubutu a kan lissafi da manɗiƙi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan mahaifin masanin tarihin nan Jabarti. Sai babbansu a wannan fage, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya kuma riƙe makaranta a Salame. A wajen kawunsa Muhammadu Sambo ya ɗauki ilimin hikima, ya rubuta littattafai a kan asalin samuwa da matakanta, da rai da jiki. Da matafiyi Heinrich Barth ya zo ƙasar Sakkwato a 1853, ya rubuta cewa shi ne mafi ilimin mutanen zamaninsa a wurin. Shekara guda kafin nan, a Masenya ta ƙasar Bagarmi, cikin Chadi ta yau, Barth ɗin ya haɗu da wani makahon malami Bafillace, Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Azhar, ya kuma san Aflatun da Aristotal, manyan masu falsafar Girka, daga fassarar Larabci. Mutanen da ake koya wa jikokinsu yau cewa tunani daga Turai ya zo mana ke nan.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Shehu Usmanu ya yi kakkausan raddi ga wasu masu ilimin kalam, wato tauhidin da ake karewa da hujjar hankali, na zamaninsa da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin hankali a kan imaninsu ba. Ɗan Tafa da kansa, a littafinsa na alkawura, ya ce a kan ayoyin Alƙur'ani ya gina aƙidarsa, kuma ya ɗauki alkawarin ba zai kira jama'a zuwa ga abin da ya samu na falsafa ba. Wani zai ce to ga shi nan, masu abin ma ɓoyewa suke yi. Amsata ita ce zamaninsu malami yana iya zaɓar wa almajiri abin da zai ji da lokacin da zai ji shi. Yau wannan ƙofa ta karye. Yaron da kuke gudun ya ji shubuha a aji, ya riga ya ji ta a TikTok da YouTube tun yana sakandare, daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa, kuma babu kowa a kusa da zai nuna masa inda hujjar ta gurgunce. Zaɓin da ya rage muku shi ne ya gamu da tambaya a gaban malami, ko ya gamu da ita shi kaɗai da tsakar dare.

Rashin wannan horo kuwa muna biyan kuɗinsa. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye gidaje sun ɗauka, har da na masu digiri biyu da uku. Wasu sun mutu, da yawa an kwantar da su a asibiti, alhali cutar kanta mutum 20 ta kama a faɗin ƙasar, ta kashe 8. Ba ilimin kimiyya aka rasa a daren nan ba. Tambaya ɗaya aka rasa: wa ya faɗa, shi kuma a ina ya sani? Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, ya gaya wa BBC cewa bai yarda duniya ƙwallo ba ce, bai kuma yarda ruwan sama daga tururi yake ba, amma aka samu waɗanda suka gama jami'a suka yayyaga takardunsu suka bi shi. Gazali ya yi gargaɗi a kan irin wannan tun shekara 900 da suka wuce, inda ya yi maganar jahilin masoyin addini da yake musun lissafin husufi yana zaton kare Musulunci yake, alhali cutar da shi yake. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar zuwa gida salla, a kan wani gurgun ƙiyasi: masu garkuwa da mutane daga Arewa suke kuma suna da bindiga, waɗannan daga Arewa suke kuma suna da bindiga, saboda haka su ne. Duk wanda ya yi sati uku a ajin manɗiƙi na gaske zai nuna maka inda wannan ya karye. Kada kuma mu nuna wasu da yatsa mu manta da kanmu. A Sakkwato a 2022 ɗalibai ne, a harabar makarantar gaba da sakandare, suka kashe ɗaliba bisa zargi, ba alƙali ba shaida, har sai da fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da abin.

Ba ina cewa falsafa tana mayar da mutum waliyyi ba ne. Haidega na Jamus, wanda ake ƙirgawa cikin manyan masu falsafa na ƙarni na 20, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933. Hegel ya ce Afirka ba ta cikin tarihi, a daidai shekarun da ake cika akwatuna da littattafai a Sakkwato da Gwandu. Akwai kuma ɗan falsafar da ya koyi gardama bai koyi ladabi ba, ya dawo hutu yana ƙure mahaifinsa a gaban baƙi. Mun ga irinsu. Amma maganin wannan ƙarin tarbiyya ne a cikin darasin, ba a mayar da darasin hadda ba.

Abin da nake roƙo yana cikin ikonku. Tsarin CCMAS ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ku yi amfani da wannan dama ku sa Magili da Suyuɗi, da Gazali da Ibn Rushd, da Ɗan Tafa, su zauna kusa da Suƙrat da Aflatun da Kant. Ban ce a kori Girkawa ba. Suƙrat, mutumin da Atina ta yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa saboda yawan tambaya, ya cancanci yaranmu su san shi. Ɗalibanku Kiristoci kuma, waɗanda suke da yawa a Jos da Zariya da Yola da Maiduguri, suna da Agustin, ɗan Arewacin Afirka, wanda ya yi fama da tambayar sharri da zaɓin ɗan Adam kamar yadda malaman kalam suka yi. A haɗa su a aji ɗaya su ga cewa tambayar da take damun wannan ita take damun wancan.

Babbar lakca ba za ta ɓace ba, na san yawan ɗalibai da ƙarancin ɗakuna, na kuma san halin da asusunku yake ciki. Amma kuna da ɗaliban digiri na biyu da na uku da za a iya horarwa a ba su ɗan alawus, su riƙa zama da rukunin mutum talatin ko arba'in sau ɗaya a mako, a ɗauki mas'ala ɗaya a tattauna. A irin wannan zama ku bar yaro ya yi magana da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci in Turanci ya ɗaure masa harshe. Na ga ɗaliban da ake ɗauka daƙiƙai ne, da aka ce su faɗa da Hausa sai ga hujja tana fitowa a jere. Su rubuta da Turanci daga baya, ba laifi. Kuma don Allah ko da kashi ɗaya cikin uku na makin ya zama na rubutu ne, shafi biyu kacal, inda ɗalibi zai ɗauki matsayi, ya kawo hujja mafi ƙarfi ta wanda ya saɓa masa ba tare da ya rage mata ƙarfi ba, sannan ya amsa ta. Kwamfuta ba ta iya auna wannan da canki-canka. Wanda zai koyar da darasin kuma ya zama wanda ya karance shi, ba wanda jadawalinsa ya fi sarari ba.

Saura littattafan. Rubuce-rubucen Ɗan Tafa da na tsararrakinsa suna nan a rubutun hannu a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Arewa House da Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'in Zariya da Kano, da cibiyar binciken IRSH ta Yamai, ban da na hannun iyalai. Kuna da sassan Larabci, kuna da sassan Hausa, kuna da masana tarihi, kuma TETFund tana da tallafin bincike da na buga littattafai. Jami'o'i biyu ko uku za su iya haɗa kai su fitar da ɗan littafi guda, Larabci a shafin dama, Hausa da Turanci a hagu, wanda zai ƙunshi waƙoƙin Magili da Suyuɗi, da babin Sullam a kan hukuncin koyon manɗiƙi, da labarin shakkar Gazali, da zaɓaɓɓun alkawuran Ɗan Tafa. Ba zai wuce shafi 100 ba. Dattawan da suka karanci waɗannan littattafai baki da baki a zaure, waɗanda za su iya warware wa mai fassara inda ya cije, ba su da yawa yanzu, kuma shekaru sun ja musu. In za a nemi su, a nemi su bana.

Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin darussan bai-ɗaya, mai ritaya.